Jingar Sare Itace: Me Ake Saye, Kuma Me Ake Sayarwa?

 

Ya 'yan'uwa masu karatu, a wannan mako za mu duba wata mas'ala wadda a ido ƙarama ce, amma kowace shekara sai ta ɓata tsakanin mutane, wani lokaci har ta kai su gaban Mai Unguwa ko alƙali. Ita ce mas'alar jingar sare itace. A ƙasar Zuru, wadda ke kudu maso gabashin Jihar Kebbi, da zarar bazara ta kama, hadari ya fara haɗowa a watan Afrilu da Mayu da iskar nan tasa mai ƙarfi, sai magidanta su fara ɗaga kai suna duban mangwaro ko darbejiyar da ta sunkuyo bisa kwanon ɗakinsu. Allah Ya hore wa wannan yanki ruwan sama fiye da arewacin jihar, saboda haka itatuwansa manya ne. Daga cikin garin Zuru zuwa Dabai, da Mahuta, da Ribah, da Dirin Daji, za ka iske maɗaci da ɗorawa da kaɗe da tsamiya waɗanda suka girme wa gidajen da ke ƙarƙashinsu. Sai a aika a kira mai injin yankan itace. Ya zo ya kewaye itacen, ya ɗaga kai, ya ƙwanƙwasa gindin, ya dubi katanga, sa'an nan ya faɗi kuɗi. Daga nan magana ke tashi.

Abin da maigida kan ce shi ne, "Haba Malam! Makon jiya ka kayar wa wane da irin wannan a gonarsa, ko rabin abin da ka faɗa mini bai biya ba." Kuma gaskiya ya faɗa. Itatuwan biyu kaurinsu ɗaya, tsawonsu ɗaya, amma ana neman a karɓi ninki uku ko huɗu a kan na cikin gida. To, shin wannan zalunci ne, ko kuwa hakki ne? Ba za a iya amsawa ba sai an san abin da mai saran ke lissafawa a ransa lokacin da yake kewaye itacen.

Itacen da ke tsakiyar gona aikinsa yanka biyu ne. A sare masa baki ta wajen da ake so ya faɗi, a koma bayansa a yanka, a bar wani ɗan tsiri a tsakani wanda zai riƙe shi ya karkata a hankali kamar ƙyaure, a janye mutane nesa da shi kamar tsawonsa biyu, shi ke nan. Na cikin gida kuwa ba shi da wurin faɗuwa. Gabas ɗakin matan gida, yamma katangar maƙwabci, kudu rumbu, arewa wayar lantarki. Tilas mutum ya hau shi da inji a hannu, ya riƙa ɗaure kowane reshe da igiya kafin ya yanke shi, yaran aiki biyu ko uku suna ƙasa suna saukar da shi sannu a hankali. Ɗanyen itace kuwa nauyi gare shi ƙwarai, gungume mai mita ɗaya ta kowace fuska yakan kusa kai tan guda. Reshen da ka gani a sama kamar wasa, in ya kuɓuce, ya isa ya rusa ɗaki. Aikin sa'a ɗaya a gona sai ya zama na yini biyu a gida. Ga man fetur da baƙin mai da injin ke sha, kuma kowa ya san yadda kuɗin fetur ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki bayan da aka janye tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023. Ga sarƙar injin, wadda ƙusa ɗaya da yara suka buga a jikin itacen shekara goma da suka wuce ta isa ta lalata ta. Galibi ma injin ba na mai saran ba ne, haya ya ɗauko, ko kuma yana da ubangida da zai kai wa kaso da yamma.

Masu wannan sana'a a Ingila su ma haka suke lissafi: tsawon itacen, da lafiyarsa, da kusancinsa da gini ko waya, da ko mota za ta iya isa wurin, da kwashe rassan, da tone kututturen. Bambancin shi ne su sukan rubuta wa maigida takarda su rarrabe masa kowane abu da kuɗinsa, kuma suna da kamfanin inshora da zai biya in an yi ɓarna. Namu na nan ba shi da kowa a bayansa. In ya faɗo ya karye, iyalinsa ne za su sayar da akuya.

Saboda haka sai mu ce, abin da maigida ke saye ba faɗuwar itacen ba ce. Faɗuwa kam iska ma za ta yi masa ita kyauta, kuma tsoron wannan kyautar ne ya sa ya aika kiran mai inji. Abin da yake saye shi ne itacen ya faɗi inda ake so, a lokacin da ake so. Wannan kuwa sani ne da ƙwarewa, kuma shari'a ba ta hana a karɓi lada a kan sani ba. Lokacin hijira, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da Sayyidina Abubakar sun ɗauki wani mutum daga kabilar Banu Dil ya nuna musu hanya zuwa Madina, alhali a lokacin bai musulunta ba. Ba kaya ya ɗaukar musu ba, sanin hanya ne aka biya. A nan akwai faɗakarwa ga mutanen gari irin Zuru, inda Musulmi da Kirista da masu bin al'adar gargajiya ke cin kasuwa ɗaya: hakkin ma'aikaci ba ya raguwa don addininsa ya saɓa da naka, haka nan hakkin maigida.

To, an yarda bambancin kuɗin yana da dalili. Amma wannan bai gama magana ba, domin mafi yawan rigimar ba daga yawan kuɗin take tasowa ba, daga rashin bayani take tasowa.

Malamanmu na mazhabar Imamu Malik, kamar yadda ɗalibi zai samu a Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Shaihu Halil, sun ɗauki ijara, watau ɗaukar mutum aiki da lada, a matsayin 'yar'uwar ciniki. Abin da ke ɓata ciniki shi ke ɓata ta. Tilas ladan ya zama sananne, aikin kuma ya zama sananne, tun kafin a fara. Yanzu sai mu tambayi kanmu, kalmar nan "sare" me ta ƙunsa? A wajen mai inji, in itace ya kwanta a ƙasa ya gama. A wajen maigida kuwa, yana jiran a daddatsa gungumen, a fitar da rassan waje, a share tsakar gida, watakila ma a tone kututturen. Darbejiya, wadda aka shigo da ita Nijeriya ta ƙasar Borno a 1928, in an sare ta aka bar kututturen sai ta sake tofowa, saiwarta kuma ta ci gaba da abin da take yi wa harsashin gini. Kowane ɗayansu yana ganin an cuce shi, alhali ba wanda ya yi ƙarya. Kalma ɗaya suka faɗa, kowa da abin da ya nufa.

Abin da ya fi wannan muni shi ne al'adar nan tamu ta kunya, inda maigida zai ce, "Kai dai yi aikinka, ai ba za mu ɓata ba." Mai aiki kuwa ya ce, "Baba, ai ko nawa ka bayar albarka ce." Maganar tana da daɗin ji, amma ita ce uwar ɓatawa. Malamai sun ce irin wannan jinga ɓatacciya ce, in kuwa an riga an yi aikin, sai a koma ga ladan da aka saba biyan irinsa a wannan wuri, watau a tambayi masana sana'ar su ƙiyasta. Dubi ƙissar Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, a cikin Suratul Ƙasasi. Dattijon Madyana surukinsa zai zama, amma bai ji kunyar yanke masa wa'adi ba: shekara takwas na kiwo, in ya cika goma wannan ganin damarsa ne. An rarrabe wajibi da kyautatawa tun ranar farko. Mutanen ƙasar Zuru ba baƙi ba ne ga wannan ma'ana, gama a al'adar golmo ta Dakarkari saurayi yakan yi wa surukinsa noma na shekaru ƙidayayyu, bakwai bisa ga yadda aka saba, kowa ya san farkonsu da ƙarshensu. In har tsakanin suruki da suruki ana ƙidaya, ina dalilin jin kunya tsakanin maigida da mai inji?

Akwai wani wuri mai wuya a cikin wannan babi wanda ya kamata mu tsaya a kansa. A ce an yi jinga an gama, mai sara ya hau, ya datse rabin rassan, sai ya sauko ya ce, "Alhaji, aikin nan ya fi yadda na zata, sai ka ƙara." Itacen da aka sare rabinsa ya fi wanda ba a taɓa ba hatsari, domin nauyinsa ya koma gefe ɗaya. Maigida ba shi da zaɓi, ko ya ƙara ko iyalinsa su kwana a ƙarƙashin abin da ke jiran iska. Ijara alkawari ne mai ɗaure duka biyun, ba mai ikon warware ta shi kaɗai. In mai saran ya san tun farko cewa kuɗin ba zai isa ba, ya karɓa ne don ya kori abokin sana'arsa, da niyyar in ya hau ya tsayar da aiki, to, wannan yaudara ce tsantsa, ƙarin da ya karɓa kuma ba da daɗin rai aka ba shi ba.

Amma kada mu yi saurin hukunci, domin akwai wanda da gaskiyarsa yake faɗa. Itace ba ya nuna cikinsa. Sau da yawa sai an hau ake tarar da kogo wanda gara ta cinye, reshen da aka yi niyyar ɗaura igiya a kansa ba zai ɗauki nauyi ba, ko a tarar da zuma ta yi gida a ciki, aikin rana ya koma na dare. Wannan abu ne da ya ɓoyu ga su biyun. A ganina, adalci a nan shi ne mai sara ya faɗi wannan sharaɗi tun yana ƙasa: "Kuɗin nan na itace mai lafiya ne, in na tarar da kogo ko zuma zan sauko in nuna maka mu sake magana." In bai faɗa ba, shi ne masanin sana'ar, shi ya kamata ya hango, saboda haka ba shi da ikon tilasta ƙari, sai dai ya roƙa. Maigida mai tsoron Allah kuwa, in ya ga abin da idonsa, bai kamata ya tsaya kan cewa jinga jinga ce ba. Imamul Buhari ya ruwaito daga Jabir cewa Manzon Allah ya roƙa wa mai sauƙin hali rahama, a wajen saye da sayarwa da neman hakkinsa. Sai dai ko yaya aka yi, ba ya halatta a bar itacen a halin da zai cutar, a gama abin da zai kawar da hatsarin tukuna, sa'an nan a zauna lissafi.

Sai kuma jingar da babu kuɗi a cikinta, wadda ta yawaita a ƙauyuka: "Ka sare, itacen naka ne." A ido kowa ya huta. Amma malamai sun yi taka-tsantsan da ladan da ake ɗebowa daga cikin aikin kansa. Shaihu Halil ya lissafa, cikin jingar da ta ɓaci, a ba mai fiɗa fatar dabbar a matsayin ladansa, ko a ba mai niƙa dusar, domin ba a san yadda fatar za ta fita ba, ko yawan dusar. Amma an halatta a ce wa mutum ya girbe wannan gona rabi nasa ne, domin amfanin gonar a fili yake, ana ganinsa. Itacen da ke tsaye ya fi kama da gonar, tun da ana ganinsa, masani kuma yana iya ƙiyasta shi. Wannan ne ra'ayin da na fi karkata gare shi, wanda ke da shakka kuwa ya koma ga malaminsa. Abin da ya fi damuna a nan shi ne ɗaya ya sani, ɗaya bai sani ba.

Mai inji ya san cewa mangwaro itacen wuta ne kawai da ɗan katako mai araha. Ya kuma san cewa maɗaci guda mai miƙaƙƙen jiki zai ba da katakon ƙyamare da kujeru masu tsada, kirya kuma ita ce masu gawayi da masu sassaƙa turmi ke nema. Madobiya ma har ƙasar Sin ake kai ta, aka yi ta sararta a Afirka ta Yamma har sai da aka sanya ta cikin jerin itatuwan da aka taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe a 2017. To, a ce tsohuwa ce mijinta ya rasu ya bar ta da maɗaci a bayan ɗaki, ta ce, "Ɗan nan, ni ban san kan abin nan ba, ka faɗa mini gaskiya." Shi kuwa ya ce, "Inna, don ke ce, ba sai kin biya ko kwabo ba, zan kwashe itacen in rage asara." Ta yi ta sa masa albarka, alhali ya tafi da abin da ya ninka ladan aikinsa sau da yawa. Malamai suna kiran irin wannan tsohuwa mustarsili, watau wanda ya sallama maka al'amarinsa don ya amince da kai, kuma Malikawa sun ba shi ikon warware cinikin in ya gano an kware shi. Wanda ya zo yana ciniki da wayonsa, ya taya ka taya, in ka ci riba a kansa ba laifi. Wanda ya ce maka "faɗa mini gaskiya" ya mayar da kai amintacce, hukuncinku ya sake. Abin da ya dace shi ne a raba lissafin biyu: ladan sarewa kaza ne, kuɗin itacen kaza ne, a cire wannan daga wancan, wanda ke bin wani ya karɓa.

Yanzu mu zo ga tambayar da ta fi kowace nauyi. An yi ruwa da iska cikin dare, itace ya kwanta bisa ɗaki, da asuba gidaje goma suna neman masu inji uku da ke garin. Ya halatta su ninka kuɗi?

Wani zai ce kasuwa ce, kuma yana da hujja. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Anas cewa kaya sun yi tsada a Madina, aka roƙi Manzon Allah ya yanke farashi, ya ƙi, don gudun kada ya zalunci wani a dukiyarsa. Kuma gaskiya ne aikin wannan safiya ya fi na kullum wuya. Itacen da ya jingina da gini yana ɗauke da nauyi a wuraren da ido ba ya gani, in ka yanke nan sai can ya zabura. Ga santsi, ga watakila wayar wuta a cikin rassan. Mai saran kuma ya bar wani aikin da ya yi alkawari, ko ya bar gonarsa a ranar shuka. Duk wannan yana da lada, kuma ba daidai ba ne a ce masa don Allah ya yi a kuɗin jiya.

Amma akwai ƙari iri biyu, kuma mai saran ya san bambancinsu a zuciyarsa ko da ba wanda ya sani. Akwai ƙarin da ya samu ta hanyar duban itacen, akwai wanda ya samu ta hanyar duban fuskar maigida. Na farko kuɗin wahala ne da hatsari. Na biyu kuɗin tsoro ne da rashin mafita, kuma tsoron mutum ba hajar mai inji ba ce balle ya sayar masa da ita. Malamai sun ƙi cinikin da ake yi da wanda larura ta matsa in an wuce abin da aka saba da nisa. Ma'aunin da zan ba mai sana'a ya auna kansa da shi shi ne wannan: da a ce maigidan nan yana da wasu masu inji biyar a tsaye a ƙofar gidansa, nawa zan faɗa? Abin da zai faɗa a wannan hali, tare da lissafin duk wuyar aikin, shi ne hakkinsa. Abin da ya ɗora a kai don ya ga ba kowa sai shi, ya sake dubawa.

Irin wannan ne kuma duban gida kafin a faɗi kuɗi, a ga bene da mota sai kuɗi ya hau. In mai sara yana da kuɗin da ya saba karɓa, sai ya rage wa talaka, wannan sadaka ce, Allah Ya ba shi lada. In ya faɗa wa mai hali kuɗi mai yawa, shi kuma ya san kasuwa ya yarda, ba a ce haramun ba. Inda ta ɓaci shi ne a haɗa da ƙarya, a rantse cewa haka ake yi wa kowa. Mafi muni kuma shi ne a ƙirƙiro tsoron da babu shi, a dubi itace lafiyayye a ce, "Wallahi Alhaji, wannan ba zai ga ƙarshen damina ba." Wannan ya haɗa laifi uku a numfashi ɗaya: ƙarya, da cin dukiya ba da hakki ba, da kashe itacen da bai yi kome ba.

Kada magidanta su ɗauka yau ranarsu ce. Akwai maigidan da zai kira mutum huɗu, ya riƙa kai maganar wannan wajen wancan har ya samu wanda yunwa ta fi matsa wa. Yana ganin ya iya ciniki. Bai san cewa abin da ya rage daga kuɗin ba ribar mai saran ba ce, igiyar ce da yaro na uku da yinin na biyu. Wanda ya karɓi kuɗin da bai isa ba dole ya gaggauta, ya kayar da abin da ya kamata a sauke guntu-guntu, ko ya tura ƙaramin yaro sama don ladansa kaɗan ne. Mutum ba shi da ikon sayar da ransa ko ƙafarsa, domin ba mallakarsa ba ne, amana ce a hannunsa. Saboda haka abin da ake kira kuɗin hatsari, a haƙiƙa kuɗin kauce wa hatsari ne. Maigidan da ya matse shi, da mai saran da ya karɓe shi ya sa aljihu bai sayi igiya ba, duka biyu sun ci amanar yaron da ke sama.

In kuwa ɓarna ta auku, katanga ta rushe ko kwano ya lotsa, asalin hukunci shi ne ma'aikacin da ke aiki a gidanka amintacce ne, ba ya biya sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare abin da masu sana'ar suka sani. Wanda ya ɗaure, ya auna, ya janye mutane, sai iska ta juya reshe, ba kamar wanda ya ce "ai na saba" ya yanka ba igiya ba ne. Wanda ma ya ce ya iya alhali bai iya ba, ya ɗauki lamuni tun daga wannan magana. Wannan shi ya sa ya kamata a yi jinga gaban shaidu biyu, in da hali a rubuta ko a bayan takardar makaranta ne. Sa'an nan in an gama a biya nan take. Ibn Majah ya ruwaito umurnin gaggauta biyan ma'aikaci tun jiɓin aikin na jikinsa, Buhari kuma ya ruwaito cewa wanda ya karɓi cikakken aiki ya hana lada yana cikin mutum uku da Allah da Kansa zai yi husuma da su ranar ƙiyama. "Ka dawo ran kasuwa" ba ta cikin jingar, sai in an faɗe ta tun farko.

Saura wani abu da ba ya shiga lissafin maigida ko na mai inji, domin masu shi ba sa wurin lokacin ciniki. Kaɗe yakan shekara 15 zuwa 20 kafin ya fara 'ya'ya, inji kuwa yana kayar da shi kafin a sha ruwa. Matan da ke tsintar ƙwaransa su yi man kaɗe, da masu tara kalwar ɗorawa su yi daddawa, da tsofaffin da ke zama a inuwar, ba a tambaye su ba. Abu Dawuda ya ruwaito gargaɗi mai tsanani a kan sare itacen sidir, dangin kurna da magarya, kuma shi da kansa ya bayyana cewa ana nufin wanda ke cikin daji, matafiya da dabbobi na fakewa a inuwarsa, a sare shi don wasa ba da wani hakki ba. A cikin Muwaɗɗa kuma akwai wasiyyar Sayyidina Abubakar ga rundunar da ya tura Sham, inda ya hana su sare itace mai 'ya'ya, alhali yaƙi za su. Wannan ba ya nufin ba a sare itace sam. An ruwaito cewa Samura ɗan Jundubi yana da dabino a cikin garkar wani mutumin Madina, shigarsa tana cutar da iyalin mutumin, aka nemi ya sayar ko ya musanya ya ƙi, sai Manzon Allah ya ba da izinin a tumɓuke shi. Cuta ana kawar da ita. Amma a lura, sai da aka bi matakan da suka fi sauƙi tukuna. Mai inji da zai dubi itace ya ce, "Maigida, wannan rassa biyu kawai za a rage, ba sai an kayar ba," ya san ya rage wa kansa kuɗi, kuma irinsa ne ya kamata a riƙa nema a unguwa.

Ƙissar Samura ta tuna mana da wani abu da manoman ƙasar nan suka sani sarai, watau mai gona daban, mai itace daban. Sau da yawa mutum yakan sayi gona ko ya are ta, amma ɗorawar da ke ciki ta wani gida ce. Haka nan itacen da ke cikin gidan gado wanda ba a raba ba, na magada ne duka, har da mata da marayu, ba na babban wa shi kaɗai ba. Na harabar masallaci ko maƙabarta kuwa na jama'a ne, kuɗin katakonsa ba ya shiga aljihun kowa. Ga kuma izinin malaman daji, wanda doka ta ɗora a kan wasu itatuwa ko da a gonarka suke. Jingar da aka ƙulla a kan abin da mai bayarwa bai mallaka ba, ko an faɗi kuɗin adalci, ko an kawo shaidu, ba ta tsaya ba. Saboda haka kafin mai inji ya tambayi nawa za a biya, tambayarsa ta farko ita ce, "Itacen nan na wane ne, kuma ya sani?" In aka yi masa hanya-hanya wajen amsa, ya ɗauki injinsa ya nemi Mai Unguwa.

Allah ne Mafi sani.